Tsamin Nono da Cutar Korona: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙu biyar muka zaɓa a wannan fitowa, dukkansu daga Zariya da kewayenta, domin sun taru a kan magana ɗaya, wato ƙwayoyin da ke tsamar da nono da abin da suke iya yi wa garkuwar jiki a gaban cutar korona da danginta. Ta farko ce ta fi cin wuri, saboda a kan amsarta sauran suka dogara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar a Tudun Wada. Tun lokacin kullen korona na shekarar 2020 surukata take cewa fura da nonon da muke sha kullum ne suka tsare gidanmu, tunda babu wanda ya kwanta. Kwanan nan babban ɗana, wanda ke karatu a Samaru, ya ce mini an koya musu cewa a cikin nono akwai bakteriya masu amfani da ke taimaka wa garkuwar jiki wajen yaƙar korona. Shin hakan gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, ta yaya abin da ya bi ta ciki zai kare huhu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya zuri'a, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Abin da aka koya wa ɗanki yana da tushe a ilimi, sai dai yana da iyakar da ya kamata a sani, kuma ba za a gane iyakar ba sai an bi maganar tun daga ƙwaryar nono har zuwa huhu.

Idan Bafillatana ta tafasa madara, ta bari ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, sai ta zuba ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta kai ɗaki. Kafin gari ya waye madarar ta kama jikinta, ta yi kauri, ta yi tsami, ta zama kindirmo. Aikin da aka yi cikin daren nan na wasu halittu ne da ido ba ya gani sai da madubin likita, waɗanda suka zo a cikin ragowar jiyan, suka yi ta cin sukarin da ke cikin madarar suna mayar da shi wani asid marar ƙarfi da masana ke kira asid ɗin laktik. Shi ne tsamin da kike ji a harshe, shi ne ke daskarar da madarar, kuma shi ne ke hana yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci sakewa a cikinta. Dangi ne babba, akwai Laktobasilus da Laktokokus da Lukonostok da wasunsu, amma a nan za mu kira su bakteriyar tsami. Su ne dai a cikin kamu da ƙullun waina da ya kwana. Daddawa ba ta cikin wannan lissafi, domin wata bakteriya ce daban take nunar da ita, haka ma kunun tsamiya, wanda tsaminsa na ɗan itace ne. Louis Pasteur na ƙasar Faransa ne ya nuna a shekarar 1857 cewa wannan tsami aikin halittu masu rai ne, alhali matan Fulani sun shekara aru-aru suna kiwon su a ƙwarya ba tare da sun san sunansu ba.

Mun saba jin kalmar bakteriya a bakin likita a lokacin ciwo, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukar kowace bakteriya a matsayin cuta. A jikin baligi mai lafiya akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, wato adadin da ya yi kusan daidai da na ƙwayoyin halittar jikin kansa, kuma mafi yawansu suna zaune ne a babban hanji, suna taya mu sarrafa abin da cikinmu ya kasa narkarwa.

Garkuwar jiki kuma hawa biyu ce. Akwai wadda jiki yake koya: idan cuta ta shige shi, ko aka yi masa allurar rigakafi, sai ya haddace kamannin ƙwayar, ya ƙera mata makami nata na musamman, ya ajiye don gaba. Wannan tana da kaifi ƙwarai, amma a haɗuwar farko takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kankama. Akwai kuma wadda aka haife mu da ita, wadda ba ta jiran sai ta san sunan baƙo kafin ta tare shi. A cikinta akwai fata, da majinar da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, da wasu ƙananan gashi da ke share hanyar numfashi dare da rana, da asid ɗin ciki, da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye duk abin da ba su yarda da shi ba. Idan kuwa maganar bairos ake yi, irin na mura ko na korona, to babban makaminta wani sinadari ne mai suna intaferon, wanda masana biyu suka gano a Landan a shekarar 1957. Duk ƙwayar halittar da bairos ya shiga takan saki wannan sinadari, ya isa ga maƙwabtanta, su kuma su shirya tun kafin ya iso gare su. Kamar dai a ce ɓarawo ya haura gida ɗaya a unguwa cikin dare, mai gidan ya yi ihu, kowa ya saka sakata, matasa suka fito da fitilu. Ba lallai ihun ya ceci gidan farko ba, amma shi ke hana ɓarawon gama layin.

Wani abin sha'awa shi ne, mutumin da ya fara buɗe ilimin wannan garkuwa ta haihuwa shi ne kuma ya fara yi wa nono mai tsami shela a duniyar likitanci. Sunansa Ilya Metchnikoff, haifaffen daular Rasha. A shekarar 1882, a garin Messina na ƙasar Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda ake hango cikinsu kamar gilashi, da gari ya waye ya tarar wasu ƙwayoyin halitta sun yi wa ƙayar dafifi suna neman cinye ta. Wannan bincike ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1908. A ƙarshen rayuwarsa, yana aiki a birnin Paris, ya yi imani cewa yawan shan nono mai tsami ne sirrin tsawon ran manoman ƙasar Bulgeriya, shi da kansa ya riƙa sha kullum. Ya rasu a 1916 yana da shekara 71. Ya yi gaskiya da ya ce tsakanin hanji da garkuwa akwai zumunci, amma ya yi gaggawar yanke hukunci a kan tsawon rai ba tare da gwajin da zai tabbatar ba, kuma irin wannan gaggawa ce har yau take damun wannan fage.

Mu dawo kan korona. Sunan na dangi ne, kuma huɗu daga cikinsu sun daɗe suna yawo a cikin mutane suna jawo mura ta yau da kullum, mai yiwuwa kin sha fama da su a hunturu ba ki sani ba. Uku ne suka zo da tsanani: wanda ya ɓulla a ƙasar Sin a 2002, da wanda aka gano a Saudiyya a 2012 mai alaƙa da raƙuma, sai wanda ya fito daga birnin Wuhan a ƙarshen 2019, aka tabbatar da shigowarsa Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas. Wannan na ƙarshe yana da wata dabara da ta sa ya gagara, ita ce toshe bakin mai ihu. Yana ɗauke da sinadaran da ke jinkirta fitowar intaferon, ta yadda zai yi kwanaki yana hayayyafa a hanci da maƙogwaro, mutum yana ta harkokinsa yana yaɗa shi, jiki bai farga ba. A shekarar 2020 wani babban bincike na haɗin gwiwar masana daga ƙasashe da dama ya gano cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na waɗanda cutar ta kai su bakin mutuwa suna da wata matsala a jininsu wadda ke kashe kaifin intaferon ɗinsu, kuma kusan duk masu wannan matsala maza ne. Wannan ya nuna irin nauyin da ke kan kwanakin farko. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Idan ihun ya fito da wuri, cutar takan tsaya a hanci ta wuce kamar mura, idan kuwa ya makara, ta sauka huhu, sai garkuwar ta taso a fusace ta yi ta kai farmaki har ta ɓata huhun da take karewa. Shi ya sa maganin farko da aka tabbatar yana rage mutuwa a wannan cuta, wato deksametason, a gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020, aikinsa lafar da garkuwa ne, kuma ya rage mutuwar waɗanda aka sa wa na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya bisa uku. Ina so masu karatu su riƙe wannan a duk lokacin da suka ji mai talla yana cewa maganinsa yana "ƙara ƙarfin garkuwa". Abin da jiki ke bukata shi ne garkuwa mai farkawa a kan lokaci, mai sanin inda za ta tsaya.

To ina hanji ya shigo? Bangon hanji, in aka shimfiɗa shi, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mita 30, kuma layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta ne ya raba abin da ke cikinsa da sauran jiki. Saboda haka ne jiki ya jibge dakarun garkuwa masu ɗimbin yawa a bayan wannan bango. Waɗannan dakaru suna da wasu ƙananan mashinshina da ke gane ƙanshin bakteriya, kuma kullum suna shinshinar mazauna hanji, har da baƙin da suka shigo cikin nono. Wannan shinshina ba ta kai ta tayar da faɗa ba, amma tana hana masu gadi gyangyaɗi, saƙonta kuma yana bin jini ya isa wasu sassa, har da huhu. Ban da haka, bakteriyar hanji suna sarrafa dusar hatsi da ganye da wake su fitar da wasu sinadarai da ke ciyar da bangon hanjin, su hana shi tsagewa, kin kuwa san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi kansa bairos ɗin korona, ƙofar da yake bi ya shiga ƙwayoyin hanci da huhu tana nan da yawa a ƙaramin hanji, abin da ya sa wasu masu cutar suka yi fama da gudawa.

An gwada wannan a jikin ɓeraye, kuma sakamakon ya fito sarai. A jami'ar Yale ta Amurka, a 2011, an ba ɓeraye antibayotik har bakteriyar hanjinsu ta ragu, sannan aka sa musu bairos ɗin mura mai tsanani, sai garkuwarsu ta kasa taɓuka abin kirki a huhu. A 2019 wata cibiyar bincike a Landan ta nuna cewa ɓerayen da hanjinsu ke lafiya kimanin kashi 80 cikin 100 suka tsira daga wannan mura, waɗanda aka fara ba antibayotik kuwa kashi ɗaya bisa uku kawai, kuma dalilin shi ne raguwar saƙon intaferon a bangon huhunsu. A kwanon gwaji ma an ga wasu nau'o'in bakteriyar tsami suna zaburar da ƙwayoyin hanji da na numfashi su fitar da intaferon su rage hayayyafar bairos.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kwanon gwaji kuma ba jiki ba ne. A jikin mutane hujjar ta fi rauni. Da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa aka auna su tare, an ga cewa masu shan irin waɗannan bakteriya a kai a kai sukan ɗan rage yawan kamuwa da mura, ta kuma ɗan rage kwana a jikinsu, amma masu tattarawar da kansu sun ce ingancin gwaje-gwajen bai kai yadda ake so ba. A kan korona, masana a Hong Kong sun duba marasa lafiya 100 sun tarar waɗanda cutar ta fi tsananta a kansu sun fi ƙarancin wasu bakteriya masu amfani a hanji, amma hakan bai bambance ko ƙarancin ne ya tsananta cutar ko cutar ce da magungunanta suka jawo ƙarancin ba. A ƙasar Meziko an gwada wani haɗin bakteriyar tsami a kan mutum 300 masu korona marar tsanani, waɗanda suka sha suka fi saurin warwarewa, sai dai gwaji ne ƙarami, a wuri ɗaya, a kan mutanen da ba su tsufa ba, kuma kamfanin da ke sarrafa haɗin ne ya ɗauki nauyinsa. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar ranar 5 ga Mayun 2023, ba ta sa bakteriyar tsami cikin magungunan korona ba.

Game da maganar Inna, a gaya mata cikin ladabi cewa furarta da nononta sun ciyar da gida da abinci mai gina jiki, jikin da ya ƙoshi kuwa ya fi mai yunwa jure kowace irin cuta. Amma tsirar gidanku ba ta isa hujja ba, domin dubban gidaje a Legas da Fatakwal da ba su san ɗanɗanon kindirmo ba su ma ba wanda ya kwanta a cikinsu. Mutane da yawa, musamman yara da matasa, sun ɗauki cutar sun warke ba su sani ba, mu kuwa al'umma ce da yara suka fi yawa a cikinta. A ci gaba da dama fura, ni ma ina sha kuma ina ba iyalina, amma a ɗauke ta a matsayin abinci mai kyau da ake ci yau da gobe. Wanda ya jira sai zazzaɓi ya rufe shi sannan ya aika a sayo nono don ya kore cutar, ya zo fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Malam, mahaifina ya haura shekara 70 kuma yana da ciwon suga. Wani ya kawo mana kafso masu tsada da ake kira furobayotik, ya ce in Baba yana sha ba ya bukatar wata allurar rigakafi. Mu saya? Daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari.

AMSA: Alhaji, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri a kan kula da shi. Maganar cewa kafso zai maye gurbin rigakafi ba gaskiya ba ce, kuma magana ce mai haɗari ga mutum irin Baba, domin tsufa da ciwon suga suna cikin manyan abubuwan da ke sa korona da sauran cututtukan huhu su yi tsanani. Allurar rigakafi tana koya wa jiki kamannin wata ƙwayar cuta takamaimai, wannan kuwa aiki ne da babu bakteriyar tsamin da ke yin sa.

Furobayotik, bisa ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da ita a 2001, ƙwayoyi ne masu rai waɗanda idan aka sha isasshen adadinsu suke amfanar lafiya. Ka lura da sharuɗɗan: su kasance da rai, su kai adadi, kuma a tabbatar da amfanin. Amfanin da aka gani a nau'i ɗaya ba ya wucewa kai tsaye zuwa wani nau'in, ko da sunansu na farko ɗaya ne, kamar yadda shanu duk shanu ne amma ba kowace saniya ke cika ƙwarya ba. Kwalbar da ta yi watanni a shagon kwano cikin zafin Maris da Afrilu kuwa, Allah kaɗai ya san nawa suka rage da rai a cikinta. In za a saya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da yadda aka ce a adana.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a ba su ba sai da izinin likita, wato masu ciwo mai tsanani a asibiti, da waɗanda garkuwarsu ta yi rauni ƙwarai saboda maganin daji ko cuta mai karya garkuwa da ba a shan maganinta, da bakwaini. A ƙasar Holan, a wani gwaji da aka wallafa a 2008, an ba masu matsanancin kumburin wata gaɓa ta ciki da ke kusa da tumbi furobayotik da fatan rage musu kamuwa da ƙwayoyin cuta, sai mutuwa ta fi yawa a cikin waɗanda aka ba, kashi 16 cikin 100, a kan kashi 6 na waɗanda ba a ba ba. A ganina, kuɗin kafson nan ya fi amfani a zuba shi a awon suga a kai a kai da maganin da likitan Baba ya rubuta. In yana son kindirmo, a ba shi marar sukari, a rage yawan fura a ciki. Duk ranar da kuwa mura ta zo masa da haki, ko ciwon ƙirji, ko ruɗewa, ko ya kasa ci da sha, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana ana jiƙe-jiƙe.

TAMBAYA: Malam, tunda koko ma da kamu mai tsami ake yin sa, shin daidai yake da nono? Kuma tsakanin nonon Fulani da yogot na roba wanne ya fi? Daga wata malamar makaranta a cikin Birni, kusa da Ƙofar Doka.

AMSA: Malama, ruwan zafin da ake dama koko da shi yana kashe mafi yawan bakteriyar, haka ma tandar waina. Duk da haka aikin da suka riga suka yi yana nan, domin tsamin yana sassauta wani sinadari na hatsi da ke riƙe ƙarfen jini da zinki ya hana hanji tsotse su, don haka gero ko dawar da aka jiƙa ta yi tsami ta fi sauƙin amfani ga jiki. Mai son bakteriyar da ranta kuwa sai ya nemi nono ko yogot da ba a sake dafawa ba bayan ya yi tsami.

Tambayarki ta biyu ta taɓo abin da ya fi damuna a wannan magana gaba ɗaya. Haɗarin da ke tattare da nonon da ba a tsabtace ba ya fi kusa da mu fiye da amfanin da ake hasashe a kan korona. Ɗanyar madarar saniya marar lafiya tana iya ɗauko tarin fuka na shanu, da cutar nan da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari, wadda a jikin mutum take zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya da taifot wata da watanni ba sauƙi. Tsami shi kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen kashe waɗannan. Tafasa madarar tun farko ce ke kashe su. Sai kuma ruwan da ake tsinka nono da shi, da ƙanƙarar da ake jefawa a ciki, da ludayin da ke yawo daga kwano zuwa kwano ana ɗauraye shi a ruwa ɗaya tun safe. Ina da mai nonon da nake saya a wurinta shekara da shekaru, kuma abin da ya sa na riƙe ta shi ne ranar farko da na tambaye ta ko tana dafa madararta, ba ta ji haushi ba, ta buɗe faifan ta nuna mini yanar da dafaffiyar madara ke yi a sama, sannan na ga ruwan da take damu da shi a cikin jarka mai murfi yake. Ki tambayi taki, ki sayi nonon da kaurinsa, ki je gida ki dama da ruwan da kika yarda da shi. Yogot na kamfani kuwa, in mai rajista ne kuma an ajiye shi a sanyi, ya fi tabbas ta fuskar tsabta, amma da yawa an cika musu sukari, wasu kuma an sake dafa su don su daɗe a kanta, irin waɗannan babu bakteriya mai rai a cikinsu. Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, a cikinsa akwai abincin da ke renon bakteriya masu amfani a hanjinsa.

TAMBAYA: Duk lokacin da mura ta kama ni nakan sayi antibayotik a kemis in sha kwana biyu. Abokina ya ce ina kashe bakteriyar cikina ne. Haka ne? Daga wani ɗalibi a Kongo.

AMSA: Abokinka ya faɗa maka gaskiya, ɗan'uwa. Mura da korona aikin bairos ne, antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa, ba shi da wani tasiri a kan bairos. A lokacin annobar an yi ta shan azitromaisin da dangin kulorokwin, babban gwajin Birtaniya da na ambata a sama ya auna su a kan dubban marasa lafiya, bai ga sun rage mutuwa ba. A hunturun da ya wuce na tsaya a wani kemis, wani yaro da bai fi shekara 10 ba ya miƙo kuɗi a dunƙule ya ce a ba shi "ja da yalo" guda biyu, ƙanwarsa ke majina, aka ƙulla masa a leda ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin kafso biyun nan ba za su taɓa murar ba, za su dai bi ta hanjin yarinyar su rage mazaunansa na kirki, su kuma koya wa miyagun yadda za su jure maganin a gaba. Ka tuna da ɓerayen Landan. Idan likita ya duba ka ya ga cewa bakteriya ta shigo bayan murar, ya rubuta maka antibayotik, ka sha yadda ya ce, domin a nan magani ne mai ceton rai. In ba haka ba, hutu da yawan shan ruwa da farasitamol sun wadatar, ka kuma sa takunkumi a aji don kada ka raba wa abokan karatu.

TAMBAYA: Malam, ina kiwon kajin ƙwai a Bomo. Na ji an ce kaji ma suna da korona, wani kuma ya ba ni shawarar in riƙa zuba musu nono a ruwan sha. Me ka gani?

AMSA: Gaskiya ne, Malam, kuma a jikin kaji aka fara sanin cutar da dangin korona ke jawowa, tun a 1931 a Amurka, shekaru da dama kafin a gano na mutane. Tana kama hanyar numfashinsu, ka ji suna atishawa da ƙarar maƙogwaro da dare, ƙwai ya ragu, wanda aka samu ya zo da ɓawo mai laushi ko mai tamoji, farin cikinsa ya tsinke kamar ruwa. Ba ta kama mutum, kamar yadda gwaje-gwaje suka nuna koronar mutane ta 2019 ba ta kama kaji. Tana da rigakafinta, wanda ake ɗigawa a ido ko a fesa ko a sa a ruwan sha tun suna 'yan tsaki, sau da yawa tare da na cutar Niyukasil. Nono a mazubin ruwa ba zai yi wannan aiki ba. Hanjin kaza ba ya narkar da sukarin madara sosai, in ya yi yawa sai zawo, ragowarsa kuma cikin zafi yakan lalace a mazubin ya tara ƙuda. Abin da likitocin dabbobi kan ce a sa shi ne ɗan garin madara marar maiƙo a ruwan da za a narka rigakafi, don ya kare shi daga sinadarin kulorin, wannan kuwa na ranar rigakafi ne kaɗai. Kana kusa da asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da cibiyar binciken dabbobi ta Shika. In ka ga alamun da na lissafa, ka ware marasa lafiyar, ka hana baƙi shiga ɗakin kajin, ka ɗauki guda biyu masu ciwon tare da 'yan ƙwayayen da suka lalace da takardar rigakafin da aka yi musu, ka kai a duba tun da safe.